Yaro mai hadda wanda ba ya roƙon ruwa: nazarin yadda malaman wata nazare a Katsina suka fahimci galahanga

Wannan nazari ya shafi yaro guda mai lalurar galahanga, wato otizim, da malaman da suka riƙe shi tsawon shekarar karatu ɗaya a wata makarantar nazare mai zaman kanta da ke bayan ganuwar birnin Katsina. An sakaya sunan makarantar da sunayen mutanen, an kuma bar duk wani bayani da zai sa a gane gidan. Abin da aka bi diddigi shi ne me malaman suka gani, me suka zaci ya jawo shi, kuma wane mataki wannan zaton ya sa suka ɗauka a kan yaron. Bayanan sun fito daga zama a cikin ajin, da hira da kowane malami shi kaɗai, da littafin da malamar aji ta fara rubutawa a zango na biyu, da abin da mahaifiyar yaron ta amince a bayyana.

Yaron da ajinsa

An sa shi makaranta yana dab da cika shekara huɗu. Ɗan fari ne a ɗakinsu, kuma da yake sunan kakansa na wajen uba ya ci, kowa a gida Abba yake ce masa. Babban gida ne, kakarsa tana da rai, kuma a kan sha'anin jikoki maganarta ake ji. Ajin da aka kai shi yana da yara talatin da 'yan kai, da malama ɗaya mai takardar NCE, da mataimakiya wadda ta tsaya a sakandare, ita ce mai kai yara banɗaki, mai buɗe musu kwanon abinci lokacin tara, mai rarrashin wanda ya yi kuka. Koyarwar irin wadda aka saba ce: malama ta faɗa, yara su amsa da murya ɗaya, a yi ta maimaitawa har abin ya zauna.

Babu wanda ya yi saɓani a kan abin da yaron yake yi. Idan ana kiran rajista ba ya amsawa, ko da an tsaya a kansa. Ba ya nuna abu da yatsa. Idan ƙishirwa ta kama shi sai ya riƙe hannun mataimakiya ya ja ta har wurin bokitin ruwa, ya ɗora hannunta a kan kofi, bai dubi fuskarta ba. Yana tara murafun kwalaben lemo a aljihu, lokacin tara ya tsugunna gindin bango ya jera su, jajaye a layinsu, koraye a nasu, kuma idan wani yaro ya taɓa guda ɗaya sai ihu da buga goshi a ƙasa. Da an buga ƙarfen tashi ko an tayar da janareta sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin benci. Abincinsa taliya ce da biskit iri ɗaya. Duk da haka yana kawo surori daga Nasi har Lam yakun ba tuntuɓe, da salon makarancin da ake kunnawa a gidansu, yana kuma maimaita tallan rediyo kalma da kalma. Idan aka ce masa "Kana son ruwa?" sai ya ce "Kana son ruwa?"

Wannan bayanin daga bakin malaman ya fito, kuma bai yi nisa da abin da likita Leo Kanner ya rubuta a 1943 a kan yara 11 masu galahanga da ya duba a Amurka ba: maimaita maganar wani, da ce wa kai "kai" maimakon "ni", da nacewa a kan kada a sauya tsarin komai. Lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, bambanci ce a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, kuma alamunta sukan bayyana kafin yaro ya cika shekara uku. Ma'aunin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013 ya ɗora ta a kan ginshiƙi biyu, wato wahalar hulɗa da sadarwa, da kuma maimaita abu ɗaya tare da jin sauti ko haske ko ɗanɗano fiye da kima ko ƙasa da kima. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin kowane 100 yana da ita, kuma maza sun ninka mata kusan sau huɗu a cikin waɗanda aka gano. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma idon waɗannan malamai bai yi kuskure ba. Inda suka rabu shi ne fassara.

Fassarar kowa da abin da ta haifar

Malamar aji ta yanke hukunci tun makonnin farko cewa sangarta ce, kuma hujjarta ba ta wauta ba ce. Cewa ta yi yaron da zai kawo Lam yakun ba kurma ba ne, ba kuma dolo ba ne, saboda haka idan ya ƙi amsa sunansa ganin dama ne bai yi ba. Ta ma gwada wani zato mai kyau, cewa wataƙila sunan rajista ne bai saba da shi ba, ta koma kiransa Abba, bai waiwaya ba. Daga nan sai tsumagiya, da ƙwace murafun kwalaben, da tsayar da shi ya fuskanci bango.

A nan ne, a ganina, tsarin koyarwarmu yake ɓoye lalurar. Ajin da aka gina a kan "ku ce" yana saka wa mai maimaitawa da yabo, kuma maimaita magana ba tare da amfani da ita wajen neman buƙata ba yana cikin manyan alamun galahanga. A katin sakamakon zango na farko yaron yana cikin na gaba a hadda da waƙoƙin aji, alhali bai taɓa haɗa jimla tasa ta kansa ba. Babu wani gurbi a katin da ke tambayar ko yaro yana iya cewa yana jin fitsari, ko yana kawo wa malama abu domin ta gani, ko yana wasan 'yar tsana da girki na ƙarya kamar tsaransa. Haka kuma rashin kallon ido, wanda littattafai ke sawa a gaba, a wurinmu yakan wuce a matsayin kunya da ladabi, domin yaro mai tarbiyya ba ya ƙura wa babba ido. Amma sunkuyar da kai a gaban manya abu ne da ake koya daga baya. Yaro ɗan shekara biyu, komai kunyar gidansu, idan ya faɗi yakan dubi fuskar uwarsa, idan jirgi ya wuce yakan nuna shi ya waiwayo ya ga ko ta gani. Wannan waiwayen ne babu shi a wurin Abba, kuma shi ya kamata malamin nazare ya riƙa nema.

Mataimakiyar ta fi kowa sanin yaron. Ita ta lura cewa ihun yakan biyo bayan ƙara, ita ta san kofin da yake yarda ya sha da shi. Fassararta kuwa shafar aljanu ce, kuma ta taɓa raɗa wa wata malama cewa anya ba ɗan ruwa ba ne, ko uwar ta yi yawon magariba da cikinsa. Wannan imani ya sa ba ta taɓa dukansa ba, tana tausayinsa tana kuma ɗan shakkarsa, sai dai ya sa ba ta neman komai daga gare shi. Kafin ya ja hannunta ta miƙa masa ruwa, idan ya shige ƙarƙashin benci ta bar shi har a tashi. Mai duka da mai tausayi duk sun haɗu a wuri ɗaya, wato ba wadda take koya masa hanyar faɗin abin da yake so. Laƙabin ɗan ruwa kuma ba ƙaramin abu ba ne, domin shi ne yake sa a kulle yaro a ƙuryar ɗaki idan baƙi sun zo, a wasu wuraren ma abin ya wuce haka.

Shugabar makaranta, wadda ta fi su karatu, ta ɗora laifin a kan waya da uwa. Ta ga mahaifiyar tana sauke shi a bakin ƙofa ba ta ambaci sunansa ba, ba ta rungume shi ba, sai ta ce rashin kula ne. Duk Bahaushe ya san wannan kunyar ɗan fari ce, wadda miliyoyin yara suka tashi a cikinta lafiya ƙalau. Zargin uwa ma ba sabo ba ne. A shekarun 1950 da 1960 an yi ta yaɗa shi a Amurka, musamman ta bakin masanin halayyar yara Bruno Bettelheim, cewa sanyin zuciyar uwa ke jawo lalurar, bincike ya zo ya rushe wannan magana bayan ta azabtar da iyaye mata da yawa. Wani babban nazari na 2019 da ya ƙunshi yara sama da miliyan biyu a ƙasashe biyar ya ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na haɗarin daga gado yake, sannan akwai abubuwa kamar haihuwar bakwaini, da yawan shekarun iyaye, da shan wasu magungunan farfaɗiya lokacin goyon ciki. Batun waya yana da ƙamshin gaskiya ta wata fuska, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada yaro mai shekara biyu zuwa huɗu ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon allo. Amma a wannan gidan alamun sun riga wayar. Uwar ta fara ba shi ita ne domin ita kaɗai ke tsayar da kukansa ta samu ta yi girki.

Malamin Ƙur'ani baiwa ya gani, yana cewa hafizi ne Allah ya kawo, sai dai a yi masa tofi da rubutun sha saboda baki. Kakar yaron ta ce nauyin baki ne kawai, ubansa ma sai da ya haura shekara uku ya yi magana, kuma tuni ta sa wanzami ya yanke masa linzamin harshe, abin da bai sauya komai ba sai zubar da jini. Wata malamar wani ajin ta ce allurar rigakafi ce. Wannan zargin ya samo asali daga rahoton Andrew Wakefield na 1998 a Ingila a kan yara 12, wanda mujallar da ta buga shi ta janye a 2010, a shekarar kuma aka soke lasisinsa na likita, kuma manyan nazarce-nazarce a ƙasashe da dama ba su sami alaƙa tsakanin rigakafi da galahanga ba. A Arewa irin wannan magana tana samun kunne da sauri saboda gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 da ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, amma malamin nazare da ya yaɗa ta yana buɗe wa ƙyanda ƙofar ajinsa ne.

Abin da ya tilasta zama

A ƙarshen zango na farko an buga ƙarfen tashi ƙofar makaranta tana buɗe, yaron ya fita a guje hannuwansa a kunne ya hau titi, wani mai Keke Napep ne ya riƙo shi. Shugabar ta yi niyyar sallamarsa. A zaman da aka yi kafin hutu aka amince da wata shawara mai sauƙi: malamar aji ta yi mako biyu tana rubuta abin da ta gani kaɗai, wato lokaci, da abin da ya faru kafin, da abin da yaron ya yi, da abin da aka yi masa, ba tare da kalmar taurin kai ko aljani ko sangarta ta shiga littafin ba.

Ɗaya daga cikin layukan ya zo kamar haka: "Ƙarfe goma, an buga ƙarfe, ya toshe kunne, ya shiga ƙarƙashin benci, na jawo ƙafarsa, ya cije ni, na dake shi, ya buga kansa da ƙasa." Da aka jera irin waɗannan layuka sai ga shi galibin rikicin yana bin abu uku, ƙara mai ƙarfi, da sauya masa wurin zama, da ƙwace murafunsa. Malamar da kanta ta lura cewa a ranakun da wuta ba ta ɗauke ba, ba a tayar da janareta ba, shafin kusan fari yake.

Littafin ya kuma sauya yadda aka tunkari iyaye. Shugabar ta ce: "Maman Abba, mu ba likitoci ba ne, ba mu ce yaronki yana da wata cuta ba. Ga abin da muka gani a rubuce, muna so likitan yara ya duba." Uwar ta amsa cewa tun kafin yaye ta san ɗanta ba kamar 'ya'yan facalolinta yake ba, duk wanda ta gaya wa sai ya ce kowane yaro da lokacinsa. Mahaifin ya ja baya, yana tsoron a ce a gidansu akwai taɓin hankali, maganar ta bi ƙannensa mata lokacin aure. Wanda ya warware wannan shi ne malamin Ƙur'ani, ya je ya gaida Hajiya kaka, ya kawo mata hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, ya ce addu'a da asibiti ba sa faɗa. Ita ta ba da umarni a tafi.

An fara da gwajin ji, kuma haka ya dace, domin a yankin da sanƙarau da ƙyanda da shawarar jarirai da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa suke da yawa, yaron da ba ya amsa kira kurumta ake fara zargi. Kunnensa lafiya lau. Likitan yara ya tura su wurin likitan ƙwaƙwalwar yara a Kano, inda aka tabbatar da galahanga bayan dogon tarihi daga uwa da kallon yaron yana wasa, domin babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna ta. Littafin malamar ya shiga cikin hujjojin, haka ma maganar kaka cewa uban ya yi jinkirin magana. Ga mazauna Katsina hanyar takan fara daga sashen yara na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Turai 'Yar'aduwa na mata da yara, sannan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Akwai takardar tambayoyi ta tantance yara masu wata 16 zuwa 30, kuma likitocin yara a Amurka suna ba da shawarar a yi tantancewar a wata 18 da wata 24. Abba ya wuce waɗannan shekaru da nisa kafin wani ya rubuta komai a kansa.

Kakar ta dawo da ɓacin rai domin ba a ba su ƙwaya ba. Sai da aka zauna aka yi mata bayani cewa babu maganin sha da ke cire galahanga, abin da ke aiki shi ne horo a kan magana da hulɗa da kula da kai, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa.

Bayan ganewa

Gyaran da aka yi a ajin bai ci kuɗi ba. An mayar da shi kusa da malama, nesa da tagar janareta. Mataimakiya takan taɓa kafaɗarsa ta nuna masa hoton ƙarfe kafin a buga. An yanka kwali an liƙa hotunan kofi da banɗaki da kwano da jaka, aka koya masa ya miƙa hoto kafin a ba shi abu, malama ta faɗi kalmar sau ɗaya ta jira, maimakon ta jero masa tambayoyi. Murafun kwalaben sun koma kayan ƙirga na ajin gaba ɗaya, nasa kuma suna cikin gwangwani mai sunansa. An daina dukansa. Zuwa zango na uku yana cewa "ruwa" da "fitsari" da bakinsa, cizo ya ragu ƙwarai, yana zama kusa da wani yaro guda lokacin tara. Har yanzu ba ya tsayawa taron safe, ba ya hira, abincinsa bai ƙaru ba sai da ayaba.

Imanin malaman bai sauya bai ɗaya ba. Mataimakiyar tana nan a kan batun aljanu, amma ita ta fi kowa riƙo da katunan hoto, kuma ban ga amfanin a tsaya sai an kayar da ita a muhawara ba matuƙar hannunta yana yin daidai kuma ta bar kiran yaron ɗan ruwa. Malamar aji ce ta zarce: ta fara ganin galahanga a ko'ina, har ta liƙa wa wata yarinya mai shiru, wadda daga baya aka gano kunnenta ne ke zubar da ruwa ba ta ji sosai. Malamin Ƙur'ani ya ƙara da cewa ai duk masu lalurar haziƙai ne, wanda shi ma ba haka ba ne, domin wasu suna da kaifin hadda, wasu da yawa kuma suna da jinkirin fahimta, wasu ba sa magana sam, farfaɗiya ma ta fi yawa a cikinsu. Shugabar ta taɓa cewa cutar 'ya'yan Turawa da masu kuɗi ce, alhali tun 1978 wani mai bincike, Victor Lotter, ya buga rahoton yaran da ya samu da ita a ƙasashen Afirka da ya zagaya, har da Najeriya. Ba malamai kaɗai ke da wannan giɓi ba. Takardar tambayoyin da likita Muideen Bakare da abokan aikinsa suka tsara a Inugu a 2008 an yi ta ne domin auna sanin ma'aikatan lafiya kansu, kuma ta nuna ƙarancinsa a cikinsu.

Wata uwa ta zo ta nemi a raba ɗanta da Abba kada ya ɗauka. An gaya mata galahanga ba ta yaɗuwa, ta bar ɗanta a ajin amma ba ta gamsu ba, shugabar kuma, wadda kuɗin makaranta ke riƙe da albashin malamanta, ta ji wannan ƙorafi a jikinta. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi cewa makarantun gwamnati su karɓi irin waɗannan yara tare da aƙalla ma'aikaci ɗaya mai horo. Masu wannan horo suna fitowa ne daga wurare kaɗan, kamar Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta musamman da ke Oyo da sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero, kuma makarantar da ake magana a kanta ba ta da ko ɗaya.

A ƙarshen shekara mataimakiyar ta yi aure ta bar aiki, malamar aji kuma za ta ci gaba da riƙe ajinta yayin da yaron zai wuce na gaba wurin malamar da ta yi maganar rigakafi. An amince a miƙa mata littafin da katunan, ta kuma zauna a ajin yanzu na wasu kwanaki kafin hutu ta ga yadda ake amfani da su. Shugabar ta yarda yaron ya ƙara shekara ɗaya a makarantar, da sharaɗin iyayen su biya wadda za ta riƙa zama kusa da shi. Mahaifin ya ce zai ba da amsa bayan ya lissafa wannan da kuɗin motar Kano.